Maɓallin Ƙara Ya Ƙi Aiki: Bin Sawun Sauti Daga Fulogi Zuwa Katantanwar Kunne

Duk wanda ya san Gyallesu ya san yadda unguwar take komawa bayan sallar isha'i idan aka ɗauke wuta. Mai shagon buga takardu ya tayar da janaretansa, mai aski ya tayar da nasa, mai cajin waya ma haka, ga 'yan acaɓa suna kai da komowa tsakanin Tudun Wada da Kongo. A cikin wannan hayaniya ne ɗalibai da yawa suke karatun dare, domin unguwar tana maƙwabtaka da harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello da kuma babbar makarantar horar da malamai ta tarayya. Ga kuma 'yan sakandare masu shirin jarrabawar JAMB, wadda tun shekarar 2015 aka mayar da ita kacokan kan kwamfuta. Daga shekarar 2020 kuwa, lokacin da annobar korona ta sa aka rufe makarantu, sauraron darasi ta na'ura ya zama ruwan dare. Dabarar ɗalibi ita ce ya toshe kunnuwansa da abin sauraro, wanda aka fi sani da iyafis ko hedifon, ya rabu da surutun waje.

Akwai wata matsala da ake yawan kai wa masu gyara a Tudun Wada da PZ. Ɗalibi ya sayi iyafis mai maɓallai uku a jikin igiyarsa: na ƙara sauti, na rage shi, da na tsakiya mai tsayar da magana ko amsa kira. A salularsa duka ukun suna aiki lafiya lau. Da ya cusa shi a kwamfutar tafi-da-gidanka sai sauti ya fito, amma maɓallan sun mutu murus, ko ya danna sau nawa. Sai ya koma wa mai shago da cewa an sayar masa da jabu. Mai shago ya gwada a tasa salular, ya ga komai daidai, gardama ta kaure. Abin mamaki shi ne, a mafi yawan lokuta, babu mai ƙarya a cikinsu, kuma babu abin da ya lalace.

Sarƙa mai gaɓa biyar

Ɗalibin da ya karanta ilimin halittu a babbar sakandare ya san abin da ke faruwa idan yatsa ya taɓa garwashi. Fata ce take karɓar saƙon zafi, wata jijiya ta kai shi laka, laka ta yanke hukunci, wata jijiyar ta dawo da umarni, tsoka ta janye hannu. Idan hannu bai janye ba, likita ba ya cewa "hannu ya lalace" ya tsaya nan. Yana bin gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya har ya gano inda saƙo ya tsaya. Haka maɓallin ƙara yake. Gaɓa ta farko ita ce maɓallin kansa, ta biyu igiya da fulogi, ta uku ramin da ke jikin kwamfuta tare da guntun lantarkin da ke bayansa, ta huɗu manhajar da ke fassara saƙon. Akwai gaɓa ta biyar, wadda masu gyara ba su cika tunawa da ita ba, ita ce kunnen mai sauraro. Za a zo kanta, domin ita kaɗai ce ba a sayar da irinta a kasuwa.

A fara da duban fulogin. Kaurinsa milimita 3.5 ne, kuma ƙane ne ga babban fulogi mai milimita 6.35 wanda asalinsa daga ofisoshin haɗa kiran tarho na ƙarni na 19 ne. A jikinsa akwai siraran layuka, baƙaƙe ko farare, waɗanda suke raba ƙarfen gida-gida. Idan layuka biyu ne, gidaje uku ke nan: na kunnen hagu, na kunnen dama, da hanyar da lantarki yake bi ya koma. Irin wannan ba shi da makirfo, ba shi kuma da hanyar aika wa kwamfuta saƙo. Idan an ga yana da abin daidaita ƙara, to 'yar ƙaramar taya ce ko abin zamewa, wanda yake rage ƙarfin lantarkin da ke isa kunne tun a cikin igiya. Shi ya sa irinsa yake aiki a kowace na'ura, har da tsohuwar rediyo, don bai nemi izinin kowa ba. In ya fara ƙarar-ƙarar ko ya yanke kunne ɗaya, ƙura ce ko tsufa.

Idan kuwa layukan uku ne, gidaje huɗu ke nan, na huɗun na makirfo ne. A nan hikimar take. Maɓallan nan uku ba su da wayarsu ta kansu, aron layin makirfo suke yi. Salula tana tura ɗan lantarki kaɗan, wajen bolt biyu, ta wannan layi don makirfo ya yi aiki, kuma tana auna shi a kowane lokaci. Kowane maɓalli yana da wata 'yar na'ura mai turjiya ga lantarki, ana auna turjiyar da ma'aunin om. A ƙa'idar da kamfanin Google ya shimfiɗa wa salulolin Android, maɓallin tsakiya kusan babu turjiya gare shi, na ƙara sauti yana da om 240, na rage sauti om 470. Ga ɗan lissafi ga masu darasin fiziks. A ɗauka salula ta turo bolt 2.2 ta cikin turjiyarta ta om 2,200. Idan aka danna na ƙarawa, abin da zai rage a layin shi ne 2.2 sau 240 a raba da 2,440, wato kimanin bolt 0.22. Idan na ragewa aka danna, 2.2 sau 470 a raba da 2,670, wato kimanin bolt 0.39. Daga wannan ɗan bambanci ne salula take gane abin da mai ita yake nufi.

To, ashe maɓallin ba ya ƙara komai, ba ya rage komai. Roƙo kawai yake aikawa. Yawancin kwamfutocin tafi-da-gidanka masu amfani da Windows, musamman tsofaffin na hannu da suka cika kasuwannin Arewa, ba a gina su da abin da zai saurari wannan roƙo ba. Ramin yana fitar da sauti, yana karɓar murya daga makirfo, amma babu ma'aunin da ke lura da sauyin bolt, ko kuwa akwai shi amma ba a rubuta manhajar da za ta yi aiki da shi ba. Misalinsa kamar a yi wa mutum sallama da harshen da bai taɓa ji ba. Wannan ba lalacewa ba ce, saboda haka babu kuɗin gyara da ya kamata a biya a kai, kuma duk mai gyaran da ya ce a kawo kuɗi ya buɗe cikin kwamfuta don wannan, ko dai bai sani ba ko yana da wata manufa. Iyafis na kamfanin Apple kuwa nasa harshen daban ne: akwai ɗan guntun lantarki a cikin maɓallansa da ke aika saƙo na musamman wanda na'urorin Apple suke ganewa. A sauran na'urori yawanci na tsakiya kaɗai ke amsawa.

Muryar da ta ɓace

Akwai wani nau'in matsalar da ya fi wannan ban sha'awa, ya kuma fi shi haɗari. Kamfanoni ba su haɗu a kan tsari ɗaya ba wajen jera gidajen nan huɗu. A tsarin da ake kira CTIA, wanda shi ya yi rinjaye, jerin daga kai zuwa gindi shi ne hagu, dama, hanyar komawa, makirfo. A tsohon tsarin OMTP, wanda tsofaffin salulolin Nokia da Sony Ericsson suka bi, na ƙarshen biyu sun yi musanya: makirfo ya riga hanyar komawa. Idan aka cusa fulogin wani tsarin a ramin ɗayan, sai hanyar komawa ta katse. Irin haka kan faru kuma idan aka sa fulogi mai gida huɗu a wasu tsofaffin ramuka masu gida uku, ko idan fulogin bai shige har gindi ba.

Alamar wannan ba ta ɓuya. Sauti yana fitowa siriri kamar daga cikin rijiya, kiɗa yana ɗan jiyuwa amma muryar mai magana ta ɓace, da an danne maɓallin tsakiya kuma sai komai ya dawo ras. Dalili kuwa shi ne, da hanyar komawa ta katse, lantarki yana shiga ta kunne ɗaya ya fita ta ɗayan, abin da ake ji shi ne bambancin da ke tsakanin hagu da dama kawai. Muryar mai magana galibi daidai take a ɓangarorin biyu, in aka ɗebe ɗaya daga ɗaya sai a tashi da sifili. Danna maɓallin tsakiya yana haɗa layin makirfo da hanyar komawa, shi ya sa sautin yake dawowa. Haɗarin yana nan: ɗalibin da ya ji murya ta yi ƙasa zai kai ƙarar kwamfuta ƙarshe, sa'an nan yatsansa ya taɓa maɓalli, ko fulogi ya motsa ya zauna daidai, cikakken sauti ya faɗa masa cikin kunne ba shiri. Maganin wannan ɗan ƙaramin mahaɗi ne mai musanya layukan biyu. Kwamfutar da take da ramuka biyu kuwa, kore na sauraro da ruwan hoda na makirfo, tana bukatar mahaɗi mai rassa biyu. Wannan zai dawo da sauti da makirfo, amma ba zai tayar da maɓallai ba.

Masu shiga ta kafar USB da masu amfani da Bluetooth labarinsu gajere ne. Na USB yana gabatar da kansa ga kwamfuta a matsayin na'ura biyu, abin sauti da kuma ɗan ƙaramin allon madannai, don haka maɓallansa ya kamata su yi aiki. In sun ƙi, a duba ko shi aka zaɓa a matsayin mafitar sauti, a sauya kafa, a cire manhajar da ke tuƙa shi a sake sa ta. Akwai kuma wani aiki da Windows yake gudanarwa a ɓoye mai suna Human Interface Device Service, wanda in an kashe shi maɓallan ƙara na na'urori da yawa sukan daina amsawa. Na Bluetooth kuwa wani lokaci yana riƙe da tasa ƙarar daban, kwamfuta tana riƙe da tata daban, sai mutum ya ga ma'aunin da ke kan allo bai motsa ba alhali sautin ya sauya. A raba su, a sake haɗa su, yawanci ya isa.

Abu ɗaya a lokaci ɗaya

Babbar ƙa'idar ɗakin gwaji ita ce kada a sauya abu biyu tare. Wanda ya sauya taki da iri da yawan ruwa a rana ɗaya, in masara ta yi kyau ba zai san wanda zai gode wa ba. Saboda haka gwajin farko shi ne a mayar da iyafis ɗin salula. In maɓallai sun yi aiki a can, an wanke gaɓa ta farko da ta biyu. Gwaji na biyu, a aro iyafis ɗin wani wanda aka tabbatar da lafiyarsa a sa a kwamfutar. In nasa maɓallan ma sun yi shiru, to kwamfutar ce ba ta jin harshen. Gwaji na uku, a danna madannan ƙara na jikin kwamfutar, waɗanda a yawancin samfura suke a layin sama tare da madannin Fn. In ma'auni ya motsa a allo amma sauti bai sauya ba, ana juya ƙarar wata mafita ce daban, ko kuwa manhajar da ake sauraro da ita tana da nata ma'aunin da aka rage. Gwaje-gwaje uku ke nan, ba su kai minti biyar ba, ba su ci ko kwabo ba.

In kuwa maɓallan sun ƙi ko a salula, sai a tuhumi igiya. Zaren tagullar da ke cikinta ya fi gashin doki sirantaka, kuma yana yawan tsinkewa a wuyan fulogi, inda ake lanƙwasa shi cikin aljihu. Ƙurar hunturu ma tana da nata rabon. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu tana haɗuwa da zaren tufafi ta dunƙule a ƙasan rami, ta hana fulogi kaiwa ƙarshe, ko ta ƙara turjiya har salula ta ɗauki wani maɓalli a matsayin wani. A kashe na'ura, a sa busasshen tsinken sakace a hankali, ban da allura, ban da ruwa.

Gaɓa ta biyar

Abin da ya sa wannan ƙaramar matsala ta cancanci shafukan mujallar kimiyya shi ne abin da ɗalibi yake yi bayan ya haƙura da maɓallan. Yana kai ƙarar kwamfuta 100, ya bar ta a nan, don kada ya riƙa katse karatu yana neman madanni. Wannan ɗabi'a ce take taɓa gaɓa ta biyar.

Sauti girgizar iska ce. Tana shiga ramin kunne ta bugi wani siririn tantani da Bahaushe yake kira dodon kunne. A bayansa akwai ƙasusuwa uku da aka sa wa suna saboda siffarsu: guduma, maƙera da likkafa. Likkafar nan ita ce ƙashi mafi ƙanƙanta a jikin ɗan Adam, tsawonta wajen milimita 3. Da yake faɗin dodon kunne ya ninka na tafin likkafa kusan sau 17, ga kuma ƙarin da ƙasusuwan suke yi, matsin da ke isa kunnen ciki ya ninka na waje kusan sau 20. Likkafa tana tura wannan girgiza cikin wani bututu mai cike da ruwa, wanda ya naɗe kamar katantanwa sau biyu da rabi da 'yan kai. Da za a warware shi, tsawonsa ba zai wuce milimita 35 ba.

A cikin katantanwar ne ainihin gaɓar ji take, wadda Alfonso Corti, mutumin Italiya, ya fara bayyanawa a shekarar 1851. Ƙwayoyin halitta ne a jere, kowace da tunkun gashi a kanta, kimanin 3,500 a layin ciki da kimanin 12,000 a layukan waje. Idan ruwa ya motsa, gashin ya karkata, wasu ƙananan ƙofofi su buɗe, ƙwayar ta aika saƙo ta jijiyar ji zuwa ƙwaƙwalwa. Georg von Békésy, haifaffen ƙasar Hangare, ya nuna cewa kowane sashe na bututun yana da irin sautin da yake amsawa, siririn sauti a bakin katantanwa, mai kauri a can ƙuryarta, kuma wannan aiki ne ya ba shi kyautar Nobel a shekarar 1961. Kunnen yaro mai lafiya yana jin girgiza daga 20 har zuwa 20,000 a daƙiƙa.

Shi ma kunne yana da nasa maɓallin rage ƙara. Wata 'yar tsoka ce manne da likkafa, wadda in sauti ya yi tsanani take ɗaurewa da kanta ta rage motsin ƙashin. Sai dai tana da rauni biyu. Ba ta da saurin da za ta tare ƙarar da ta faɗo farat ɗaya, irin ta fulogin da ya zauna daidai ba zato, sa'an nan tana gajiya in ƙarar ta daɗe. Ba a halicce ta don awa uku na iyafis ba.

Ana auna ƙarfin sauti da desibel, sunan da aka samo daga Alexander Graham Bell. Raɗa tana wajen 30, hira ta yau da kullum wajen 60, injin markaɗe yakan haura 85 ga wanda ke tsaye kusa da shi, iyafis da yawa kuma suna iya haura 100 in an ƙure su. Ma'aunin nan yana da yaudara, domin ba ya tafiya kamar awon mudu. Ƙarin desibel 3 kacal yana ninka ƙarfin da ke dukan kunne sau biyu, ƙarin 10 yana ninka shi sau goma, alhali kunne yana jin ƙarin 10 ɗin kamar ninki biyu ne kawai. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya tare da Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya suka fitar da ƙa'idar sauraro: babba zai iya jure desibel 80 na awa 40 a mako, yaro kuwa desibel 75. Daga nan duk ƙarin 3 yana raba lokacin biyu. Wato 83 awa 20, 86 awa 10, 89 awa 5, 92 awa biyu da rabi, 95 awa ɗaya da kwata, 98 minti 38, 101 minti 19, duka a mako guda, ba a rana ba.

A koma ɗakin ɗalibin Gyallesu. In yana sauraro awa uku kowane dare, awa 21 ke nan a mako, iyakarsa ke nan wajen desibel 83. Amma ga janareta a bakin taga, kuma mutum ba ya fahimtar magana sai ta ɗara hayaniyar da ke kewaye da shi. Sai ya ƙara, ya ƙara. In ya kai 95, ya cinye rabon mako guda tun kafin ya kai rabin karatun daren Litinin, ban da abin da kunnensa ya sha da rana a bakin titi. Wannan ne ya sa tun a shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi ƙiyasin cewa matasa biliyan 1.1 suna cikin haɗarin rasa ji saboda irin wannan sauraro da wuraren nishaɗi masu ƙara.

Abin da ƙara take yi wa ƙwayoyin gashi ya yi kama da abin da sawu yake yi wa ciyawa. A taka sau ɗaya, ta kwanta, da safe ta miƙe. A mayar da wurin hanya, ta mutu. Bambancin shi ne ciyawa tana tsirowa da damina, ƙwayoyin gashin ɗan Adam kuwa ba sa dawowa. A shekarar 1988 masana a Amurka suka nuna cewa kaza da makwarwar Turai suna sake tsirar da nasu bayan ƙara ta lalata su, kifi ma haka, amma dabbobi masu shayarwa ba su da wannan baiwa, kuma har yau ana neman hanyar da za a koya wa kunnen mutum dabarar kaza. A shekarar 2009 kuma Sharon Kujawa da Charles Liberman suka gano wani abu mai tayar da hankali a jikin ɓeraye: bayan awa biyu na ƙarar desibel 100, jinsu ya dawo kamar da cikin makonni, amma mahaɗan da ke tsakanin ƙwayoyin gashi da jijiya da yawa sun mutu ba su dawo ba. Wato ciyawar ta miƙe, amma saiwar ta ragu.

Ɓarnar ƙara takan fara ne a wajen girgiza 4,000 a daƙiƙa, yankin siraran sautuka. Nan ne baƙaƙe irin su s, f, sh da ts suke zaune, wasula kuwa suna can ƙasa. Don haka mai wannan matsala ba ya cewa ya kurumce. Cewa yake yana ji, amma mutane ne ba sa fitar da magana. Sara, fara, shara da tsara sukan zame masa kalma ɗaya, musamman a cikin taro. Ya kamata malamai su lura da wannan, domin yaron da ake yi wa kallon mai taurin kai ko marar hankali a bayan aji, wani lokaci baƙaƙe ne suke kuɓuce masa. Sauran alamomin su ne ƙugi ko shewa a kunne bayan cire iyafis, da jin kamar an toshe kunne da auduga. Wanda ya taɓa shan kwinin ya san irin ƙugin.

Ba kowane raunin ji ba ne daga ƙara. Sanƙarau, irin wanda ya yi ɓarna a Arewa a shekarar 1996, da ƙyanda da hangum, da allurai irin su jentamaisin in an yi su ba bisa ƙa'ida ba, duk suna iya kashe kunnen ciki. Dattin kunne da ya dunƙule ko ruwan da ya taru bayan mura kuwa toshe hanya kawai suke yi, kamar ƙurar da ke ramin kwamfuta, kuma suna da magani, muddin ba a tura ashana ko gashin kaza an huda dodon kunne ba. Likita yana rarrabe biyun da irin dabarar da aka bi a sama. A gwajin da Heinrich Rinne, Bajamushe, ya bayyana a shekarar 1855, ana kaɗa wani ƙarfe mai baki biyu, a ɗora gindinsa a ƙashin bayan kunne, sa'an nan a kawo shi bakin kunne. Ta ƙashi, sauti yana tsallake dodon kunne da ƙasusuwan nan uku ya isa katantanwa kai tsaye. In mutum ya fi ji ta ƙashi, matsalar a hanya take. In ya fi ji ta iska amma duka biyun sun yi rauni, a katantanwa ko jijiya take. Ana irin wannan bincike da wanda ya fi shi zurfi a sashen kunne, hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da kuma Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna.

Ga ɗalibin da maɓallansa ba za su taɓa aiki a kwamfutarsa ba, abin yi shi ne ya saba da madannan jikin kwamfutar, ya sauke ƙara ƙasa kafin ya sa iyafis a kunne, sa'an nan ya hau da ita a hankali. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce kada a wuce kashi 60 cikin ɗari, sai dai a sani cewa lambar da ke kan allo ba desibel ba ce: 60 a wani iyafis ya fi 90 a wani ƙarfi. Ma'aunin da ya fi wannan aminci shi ne, in wanda ke tsaye nisan kamu biyu ya yi magana da muryarsa ta kullum ba a ji shi ba, a ɗaki marar hayaniya, to ƙarar ta yi yawa. Iyafis mai roba da ke toshe rami sosai, ko hedifon mai rufe kunne gaba ɗaya, ya fi wanda ke lilo a bakin kunne, don yana tare ƙarar janareta, sai bukatar ƙarawa ta ragu. A kan titi kuwa, tsakanin 'yan acaɓa, wannan toshewa ita kanta haɗari ce, a cire shi.

Malamin da yake da mitar auna lantarki a ɗakin gwajinsa zai iya mayar da duk wannan darasin awa ɗaya. A sa mitar a ma'aunin om, a ɗora tsinke ɗaya a kan fulogi, ɗaya a gida na uku, za a ga wajen 16 ko 32 in tsarin CTIA ne, turjiyar ƙaramar lasifikar kunnen hagu ke nan. In aka ga dubu ko fiye, a matsar da tsinken zuwa gindi, in 16 ko 32 ɗin ta fito a can to fulogin na OMTP ne. Sa'an nan a ɗora tsinkayen a gida na uku da na huɗu, wani ɗalibi ya riƙa danna maɓallai, wani yana rubuta lambobin a allo, a kwatanta su da sifili, 240 da 470. Kashi na biyu na darasin ba ya bukatar mita. Kowane ɗalibi ya juya wa abokinsa baya, ya toshe kunne ɗaya da yatsa, abokin ya tsaya nisan taku biyu ya riƙa raɗa masa sara, fara, shara, tsara a hargitse, a rubuta nawa ya kama cikin goma, a sauya kunne. Wanda kunnensa ɗaya ya gaza ɗayan ƙwarai, ko ya gaza sauran 'yan aji, malami ya rubuta wa iyayensa takarda su kai shi a auna.